Lauyar da ta fito mana da Auta daga caji ofis: abun da na gani da abun da na biya

Wata huɗu kenan da gama shari'ar ƙanina, sai yanzu hankalina ya kwanta har na iya zama na rubuta. Mutane da yawa a unguwarmu da kuma makarantar da nake koyarwa sun dame ni da tambaya, wane lauya kuka ɗauka, nawa ya caje ku, wai da gaske ne ko kwabo baku bayar ba a caji ofis. To ga amsar gaba ɗaya yadda ba sai na dinga maimaitawa ba. Lauyar mace ce, ofishinta yana hawa na biyu a wani tsohon bene ta wajen titin gidan zu a nan Kano, ɗaki biyu ne da ɗan falo, ita da wani ƙaramin lauya da akawu ɗaya. Ba zan faɗi sunanta ba sabida ita da kanta ta roƙe ni, tace aikinsu yana da ƙa'ida, ba a tallarsa kamar atamfa a Kwari. Caji ofis ɗin da kotun ma zan bar su ba suna.

Ga yadda abun ya faro. Ƙanina gyaran waya yake a Farm Centre, a 2022 ya sayi wata waya a hannun wani yaro ashe ta sata ce, aka bi diddiginta har shagonsa, aka kai shi gaban majistare da tuhumar karɓar kayan sata, sashe na 317 na Pinal Kod. Kawunmu ya tsaya masa beli. An yi zama biyu kacal sai dattawan kasuwa suka shiga tsakani, aka mayar wa mai waya kayansa aka ƙara masa da kuɗin wahalar da ya sha, aka yi addu'a aka shafa fatiha kowa ya watse. Mu dai a wajenmu magana ta mutu. Bayan 'yan watanni ya samu wani shago a Abuja ya tattara ya koma can, ba shi ba Kawu ba ni ba, ba wanda ya sake taka ƙafarsa kotun nan.

Ranar wata Alhamis ana idar da sallar asuba mutum uku suka buga ƙofar gidan Ummanmu, ɗaya da kaki biyu da kayan gida. Suka tambayi ƙanina aka ce yana Abuja, suka leƙa ɗakuna basu gan shi ba, kawai sai suka ce wa Auta ya saka takalmi. Yaro ɗan shekara 19 da ke shirin rubuta JAMB, wanda ko sanin kes ɗin bai yi sosai ba. Suka ce wa Umma in yayansa ya zo sai a sake shi. Wallahi muryar da Umma ta kira ni da ita a waya ranar har yau in na tuna sai jikina ya mutu.

Ina zuwa na tarar an sa shi bayan kanta, an karɓe wayarsa da bel ɗinsa da ₦3,500 da ke aljihunsa. A waje ƙarƙashin bishiya akwai irin mutanen nan da kullum suna bakin caji ofis, ba 'yan sanda ba ne ba kuma lauyoyi ba, ɗaya ya ja ni gefe yace Hajiya in kin kawo dubu hamsin zan shiga na fito miki dashi kafin azahar. Na kusa bayarwa fa, har na buɗe manhajar banki. Wata abokiyar aikina ce ta kira daidai lokacin tana tambayar me ya hana ni zuwa makaranta, da na faɗa mata tace kar ki kuskura, ga lambar wata barista ki kira ta.

Bari na fara da abun da ya ɓata min rai tunda shi na fara gani. Sau bakwai na kira matar nan bata ɗauka ba, na kira lambar ofis ita ma tana ta ringin ba kowa, na tura saƙo shiru kusan awa biyu. Mutumin da ɗan'uwansa ke bayan kanta minti ɗaya ma shekara ce a wajensa. Sai wajen sha ɗaya da rabi ta kira tace tana gaban alƙali ne wayar tana jaka. Na yarda da uzurinta, amma ofishin da ke karɓar irin wannan aikin ya kamata ace akwai wanda zai ɗaga waya ko da cewa zai yi ana zuwa, kuma wannan matsalar bata gyaru ba har muka gama da su.

Da ta kira ɗin kuma bata ɓata lokaci ba, tambaya huɗu tayi min. Wa aka kama, ƙarfe nawa, sunan wa ke jikin takardar da suka zo da ita, kuma yaron ya rubuta sitatimen ko ya sa hannu a wani abu? Nace takarda kam ba wanda ya gani. Tace to ki saya masa ruwa da abinci, ki samu biro ki rubuta lokacin da aka ɗauke shi da lokacin da kika iso da duk wanda yayi miki magana, kar ki ba kowa kuɗi kar kuma ki yi cacar baki da kowa, in kin samu ganinsa ki ce masa kar ya sa hannu a komai sai na zo, doka ta ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da shi ya zaɓa.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna ta iso a adaidaita sahu. Ni a raina na ɗauka lauya in ya zo caji ofis ɗaga murya yake yana buga tebur da turanci, ita kam sallama tayi ta gaishe da na kanta ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa katinta, tace tana son ganin mai binciken kes ɗin daga nan kuma DPO in yana nan. Da aka shigar da mu abu na farko da ta nema shine ranka ya daɗe a taimaka a nuna min takardar kamun. Aka ɗan yi jim, aka aika aka ɗauko fayil. Ta karanta a nutse har da kwanan wata da sa hannun majistare, sannan ta juya takardar ta nuna masa suna tace wannan sunan yayansa ne, wanda ke bayan kanta ba shi ba ne, kuma sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana a kama mutum a madadin wanda ake nema. Ta ƙara da cewa sashe na 35 na tsarin mulki ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, to wane dalili za a rubuta wa wannan yaron?

Zan faɗi gaskiya, DPO ɗin bai yi girman kai ba. Yace Barista kotu ce ta matsa mana, takardar nan ta daɗe a wajenmu kuma duk zuwan da aka yi ana cewa baya nan. Tace na ji, ni zan ɗauki nauyin kawo shi gaban kotu da ƙafarsa ranar Litinin, ga takarda zan rubuta na sa hannu da hatimina. A nan ta zauna ta rubuta. Kafin la'asar Auta ya fito. Wani a kanta ya fara cewa to Hajiya na biro da takarda fa, ta kalli rubutun da ke manne a bangon su na cewa beli kyauta ne tace yallaɓai wannan ma ba beli ba ne, sakin wanda ba a tuhuma ne. Bata bar wajen ba sai da aka ƙirgo masa kuɗinsa cif aka ba shi wayarsa da bel, tace ya kunna wayar a gabansu ya duba. Ko sisi bai fita daga hannuna ba a cikin ginin nan.

Ina ta godiya ina share hawaye, ashe aikin da na fi biya dominsa yana gaba. Muna isa ofishinta, ba wuta ga zafi ga matakalar nan mai tsayi da Kawu ya hau da ƙyar, ta rufe ƙofa tace Hajiya ki daina murna tukunna, takardar da kika gani ta gaske ce, kuma laifin naku ne.

Raina ya sosu da farko, nace Barista ai an yi sulhu an biya mutumin har da fatiha. Tace sulhun da kuka yi a kasuwa tsakaninku ne da mai waya, kotu bata san dashi ba. Daga ranar da aka karanta wa mutum tuhuma a gaban majistare kes ya zama tsakaninsa da hukuma, ko mai ƙara ya yafe sai an zo gaban alƙali an faɗa, mai gabatar da ƙara ya nemi janyewa, alƙali ya rubuta ya sallami wanda ake tuhuma, to sannan ne magana ta mutu. Ku kun bar fayil a buɗe, aka kira kes baya nan, aka sake kira baya nan, alƙali ya ba da umarnin a kamo shi, wanda su a kotu suke cewa benci waranti. Kuma wannan takardar bata tsufa, bata da ranar ƙarewa kamar lasin mota, tana nan da ranta har sai an kama mutumin ko kotu ta soke ta da kanta, ko shekara goma za a yi. Ana iya zartar da ita ran Lahadi, ana iya zartar da ita ran sallah, kuma ba dole sai ɗan sanda yana riƙe da ita a hannu lokacin kamun ba, haƙƙinka dai shine in ka nemi gani a nuna maka da wuri. Sai ta juya wajen Kawu tace Baba ku ma kuna cikin hatsari, wanda ya tsaya beli alkawari ya ɗauka wa kotu cewa zai dinga kawo mutum, kotu na da ikon kiranku ku faɗi dalilin da zai hana a karɓi kuɗin da kuka sa hannu a kai. Kawu ya cire hula ya goge gumi yace 'yata wallahi ni na ɗauka taimako kawai nayi.

Wannan shine ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba. Da irin masu son a yabe su ce da ta tsaya a inda 'yan sanda suka yi kuskure, ta bar mu muna jin mu aka zalunta kaɗai, mu koma gida mu ce wa ƙanina ya ƙara ɓuya. Ni kaina abun da ke raina kenan, nace ko ya canza layi ya zauna a Abuja abunsa. Tace in ya ɓuya za su dawo gidan Umma, kuma ranar da aka kama shi da ankwa za a kai shi gaban alƙalin da ya riga ya fusata, belin farko ya rushe, sai gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse. In kuma ya zo da ƙafarsa ina da bakin da zan roƙa. Na tambaye ta to kin tabbata ba za a tsare shi ba? Tace ban tabbata ba, ikon alƙali ne, duk lauyan da ya ba ki tabbaci a kan wannan ƙarya yake miki, ki haɗa masa 'yar jaka da sabulu da kaya kala ɗaya ko da za a buƙata. Daren nan ban yi barci ba, amma gara da ta faɗa.

Na tambaye ta game da shigar da suka yi gidan Umma da asuba, tace wanda ke da takardar kamu in yana da dalilin zaton mutumin na cikin gida to dole mai gida ya bar shi ya duba, amma neman mutum daban binciken kaya daban, buɗe akwati da ɗaga katifa da kwashe kaya wannan yana buƙatar takardar bincike tata ta kanta, kuma duk abun da aka ɗauka sai an rubuta shi a jere. Mace kuma mace ce ke laluba ta. Abun da ya fi ba ni mamaki, tace a dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 an rubuta ƙarara cewa in ɗakin na macen da bisa al'ada ko addini bata fita bainar jama'a ne, sai an yi mata sanarwa an ba ta damar kimtsawa ta kauce kafin a shiga. Shekarata nawa a garin nan ban taɓa jin wani ya faɗi haka ba, ashe kullen iyayenmu ma doka ta san dashi. Kano ta yi tata dokar irin wannan a 2019, ita ce ta maye gurbin tsohuwar da ake aiki da ita a Arewa tun 1960.

Sai maganar hanya. Ranar Asabar ƙanina zai taso daga Abuja a motar haya, ga shingaye tun daga Zuba har Kwanar Dangora, ga yaro da askin zamani da jakar goyo, irin wanda ake fara nunawa ace kai sauko. Ta kira shi a gabana a sifika kusan minti ashirin kuma bata caji komai a kan wannan ba. Tace doka ta ba ɗan sanda ikon tsayar da kai ya bincike ka in yana da dalilin zargi mai ma'ana, amma sashe na 50 na dokar 2020 yace kafin ya taɓa ka ya faɗa maka sunansa da ofishin da yake da abun da yake nema da dalilinsa, kuma ya kasance cikin kaki ko da katin shaida a bayyane. Sashe na 54 kuma yace askinka ko shigarka ko shekarunka su kaɗai ba dalilin zargi ba ne. Sai ta tambaye shi waya nawa ce a jakarka? Yace takwas, na kwastomomi. Tace to wannan kam dalili ne mai kyau ka ba su da hannunka, mai kes ɗin wayar sata ɗauke da waya takwas ba rasit, ka bar su a shago ka taho da taka ɗaya da katin aikinka.

Batun buɗe waya tace sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin gidanka da saƙonninka da maganarka ta waya, kuma tun farkon watan Oktoba na 2020, 'yan kwanaki kafin a rushe SARS ranar 11 ga wata, Sufeto Janar na lokacin Mohammed Adamu ya fito ya hana binciken wayoyin mutane barkatai a kan titi. Amma, ta nanata amma ɗin nan, bakin titi da dare ba kotu ba ce. Ka faɗi haƙƙinka sau ɗaya da ladabi, hannunka a inda ake gani, kar ka gudu kar ka fizge kar ka zagi kowa, in ka ga abun zai zama rigima ka bi, ka riƙe suna ko lambar mota da wuri da lokaci a kanka, gobe ni zan yi faɗan da takarda. In kuma aka ce an kama ka sabida warantin to suna da gaskiya, ka bi su ka nemi a bar ka ka kira ni, kuma tsarin mulki yace in akwai kotu cikin kilomita 40 to a kai ka gabanta cikin kwana ɗaya, in babu kwana biyu.

An kuwa tsayar da su tsakanin Zariya da Kano, aka sauke shi shi da wani saurayi, aka zazzage jakarsa aka ce buɗe waya. Yace ranka ya daɗe akwai hotunan iyali da saƙonnin mutane a ciki, in akwai abun da ake zargina dashi a faɗa min na kira lauyata. Yace mutumin ya daɗe yana kallonsa da tocila sannan ya miƙa masa jakar yace shiga mota. Da muka ba Barista labari bata yi wani murna ba, tace Allah ne ya haɗa shi da mai sauƙin kai, kar ya ɗauka kullum haka take ƙarewa.

Litinin takwas da rabi muna kotu, ni da Kawu da ƙanina da jakar sabulun a hannuna, da wani dattijon kasuwa da ya taimaka ya nemo mai wayar ya zo dashi. Tun ran Juma'a ta riga ta je rajistara ta sa an zaƙulo fayil ɗin an sa shi cikin na ranar. Aka kira kes ya shiga akwati, ta miƙe tace ya mai shari'a wanda ake tuhuma ya zo da kansa ba kamo shi aka yi ba, muna ba kotu haƙuri, rashin sani ne ya sa ya ɗauka sulhun waje ya rufe shari'a, ga mai ƙara nan a zaune ga wanda ya tsaya masa, muna roƙon a soke takardar kamun a bar shi a kan belinsa. Mai gabatar da ƙara ya tashi yace mutumin da ya ɓace kusan shekara biyu ba abun yarda ba ne. Majistaren yayi wa ƙanina faɗa sosai, faɗan da ya dace dashi, ya juya kan Kawu ma ya ba shi nasa. Ni dai ina ta hasbunallahu a zuci. Daga ƙarshe ya soke warantin, yace beli na nan amma a ƙaro mutum ɗaya mai aikin yi da adireshin da za a iya tabbatarwa.

Nace ni zan tsaya. A ofishin cike takardu wani yace Hajiya ki kira maigidanki ko wani namiji. Barista tace masa alƙali cewa yayi mutum ɗaya mai aikin yi, bai ce namiji ba, dokar tarayya ta 2015 a sashe na 167 ta faɗa a fili cewa ba a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce, kuma sashe na 42 na tsarin mulki ya hana wariya sabida jinsi, in akwai shakka mu koma ciki mu tambayi mai shari'a. Bai ƙara magana ba ya miƙo fom. Na ba da katin ɗan ƙasa da hoto biyu da takardar shaida daga makarantarmu, wanda duk ita ta ce na taho dasu tun ran Juma'a ko da za a nema. Da jakar sabulun muka koma gida ba a buɗe ta ba.

Zama uku aka ƙara yi. Ɗaya daga ciki asara ce tsantsa kuma laifin ofishinta ne, tana da wata shari'a a babbar kotu sai ta turo ƙaramin lauyan ba tare da ta sanar da mu ba, shi kuma a bakin ƙofar kotu yake tambayata wai me ake tuhumar yaron dashi, ya shiga ya nemi a ɗaga aka ɗaga sati biyar. Ƙanina ya biya kuɗin mota daga Abuja zuwa da komawa ya rufe shago kwana biyu a kan zaman minti uku. Na faɗa mata ban ji daɗi ba, ta ba da haƙuri amma kuɗin zaman ranar bata cire ba. A zama na ƙarshe mai wayar ya tabbatar wa kotu an biya shi, mai gabatar da ƙara ya janye, aka sallami ƙanina. Ta dage sai mun karɓi kwafin umarnin kotun mai hatimi, tace ya ɗauki hotonsa a waya ya kuma ajiye ɗaya a jaka, ta kai ɗaya caji ofis ɗin da kanta aka buga mata shaidar karɓa, sabida wani lokaci kotu ta soke takarda amma labari bai kai ga fayil ɗin 'yan sanda ba.

Kuɗi kuma ga yadda suka tafi. ₦10,000 na buɗe fayil, ₦40,000 na zuwa caji ofis, ₦130,000 na shari'ar wanda ta yarda na biya kashi uku da tiransifa, ₦5,000 kuɗin mota duk zama har sau huɗu, sai ₦8,000 da akawunta ya karɓa na neman fayil da kwafin umarni, jimla ₦208,000. Manyan kuɗin duk an ba ni rasit kuma tun ranar farko ta faɗa min su ba ɓoye-ɓoye, amma na motar da na akawun ba a faɗa min ba sai da aka zo karɓa, kuma dubu takwas ɗin har yau ba rasit duk da na tambaya sau biyu. Akawun ma yana da ɗan wulaƙanci, in ka zo sai ya gama danna wayarsa zai ɗago. A ma'aunina aikinta na caji ofis da bayaninta goma bisa goma ne, kotu takwas, ɗaga waya da tsarin ofis huɗu.

Na san ba kowa ke da dubu ɗari biyu ba, ni ma adashe na ɗauka aka haɗa da na ƙanina. Da na faɗa mata haka ita ce ma tace na dinga gaya wa mutane akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, Legal Aid Council, tun 1976 take kuma tana da ofisoshi a jihohi, an yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma ₦70,000 a 2024. Suna da tsarin lauyoyin da ke zagaya caji ofis kyauta don ganin waɗanda aka tsare. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata FIDA, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, sannan su kansu 'yan sanda suna da sashen karɓar ƙorafi da suka buɗe a 2015. Tace ko ba lauya a kusa, wanda ake ɗaukar sitatimen ɗinsa yana iya neman a yi a gaban wani nasa da ya zaɓa, in baya jin turanci a kawo tafinta a karanta masa kafin ya sa hannu, kuma duka ko azabtarwa don a sa mutum ya amsa tuhuma laifi ne mai zaman kansa tun dokar hana azabtarwa ta 2017, hukuncinsa yana iya kaiwa shekara 25. Wanda matsalarsa bashi ne ko cinikin da ya lalace shi ma ya sani doka ta hana a kama mutum a kan wannan kaɗai, tace rabin kiran da take samu daga 'yan kasuwa a kan haka ne.

Saura abu ɗaya da bamu rufe ba. Ranar da muka je karɓar kwafin umarnin tace min awa tara da Auta yayi a bayan kanta ba bisa doka ba ne, kuma sashe na 35 ɗin nan ya ba duk wanda aka tsare haka damar neman diyya da ban haƙuri a bainar jama'a, ana shigar da ƙarar a babbar kotu, in muna so za ta yi amma zai ci lokaci da kuɗi kuma bata yi min alkawarin nasara ba. Na kai wa Umma maganar tace a bar wa Allah, ita bata son a sake jin sunan gidanta a bakin hukuma. Auta shi baya cewa komai, sai dai tun ranar in aka buga ƙofa da ƙarfi yakan miƙe tsaye ko abinci yake ci. Ni ban gama yanke shawara ba, takardar da na rubuta lokutan a kanta tana nan cikin jakata, 5:50 aka ɗauke shi, 3:10 ya fito.